Channel 4 News: labaran ƙarfe bakwai na Ingila, da editan da ba a ganin fuskarsa

Masu tambayata wace tashar labarai ya kamata mutum ya riƙa kallo in ya shigo ƙasar nan ta Birtaniya karatu ko aiki, da ma waɗanda suke gida amma suna so su ji abin da Turawan Ingila ke ciki daga bakinsu ba sai an fassara ba, toh amsata ita ce Channel 4 News. Amma fa ba yabo zalla na zo yi ba, akwai inda suke bani haushi sosai kuma zan faɗa. In da maki ake bayarwa zan ba su takwas cikin goma, biyun da na cire ɗin ma da dalili.

Bari na fara da abin da kowa ke fara tambaya, wato kuɗi. Shirin kansa kyauta ne, ƙarfe 7 na yamma agogon Ingila suke farawa ranakun aiki, kusan awa ɗaya suke ɗauka, na Asabar da Lahadi gajere ne. Ga na gida Najeriya ko Nijar, lokacin zafinsu bakwai ɗin nan daidai take da bakwai ɗinku, in sanyi ya shigo suka mayar da agogo baya sai ta koma ƙarfe 8 a wajenku. Sai dai kyautar nan akwai tarko a cikinta wanda sababbin zuwa suke faɗawa: a ƙasar nan duk wanda zai kalli talabijin kai tsaye, ko wace tasha ce, ko a waya ne ko a kwamfuta, sai ya biya lasisin talabijin, wanda a Afrilun 2025 ya koma fam 174.50 a shekara, kafin nan 169.50 ne, kuma in aka kama ka kana kallo babu shi tarar tana iya kai wa fam 1,000. Abin dariyar shi ne kuɗin nan BBC ake ba, Channel 4 ko kwabo ba ta samu a ciki, da talla take rayuwa duk da cewa mallakar gwamnati ce. Kar ka ji kunya in baka san wannan ba, Nadine Dorries ma tana ministar da ke kula da su a 2021 ta zauna gaban 'yan majalisa tana cewa kuɗin jama'a tashar take ci, sai da aka gyara mata a wurin. Ita ce kuma ta tashi sayar da tashar ga 'yan kasuwa a 2022, aka yi ta kai ruwa rana, a Janairun 2023 wadda ta gaje ta, Michelle Donelan, ta ce an fasa. In kuma ba kai tsaye za ka kalla ba, ka bari sai sun gama ka bi ta manhajarsu ko YouTube, babu ruwanka da lasisi. Manhajar a cikin Birtaniya da Ireland kawai take aiki, na gida sai dai YouTube da Facebook, can ma suna zuba manyan rahotanninsu.

Ni a gidan kula da tsofaffi nake aiki, kuma a falon gidan ne na saba da shirin, don akwai wani dattijo da in bakwai ta yi ko me ake kallo sai an miƙa masa rimot. Abin mamaki ba son su yake yi ba. Zai zauna da bargo a gwiwa da kofin shayinsa yana ta musu da talabijin, mai gabatarwa na tambaya shi yana ba da amsa, wai duk 'yan gurguzu ne, wai ba su taɓa ganin abin kirki a ƙasarsu ba. Ran nan na ce masa, baba to me ya sa ba za mu koma BBC ba? Ya harare ni ya ce BBC ai barci take sa shi. Ni kuwa wannan maganar tasa na riƙe, don ta faɗi gaskiyar shirin fiye da duk wata talla da suke yi wa kansu.

Bambancinsu na farko shi ne lokaci. Labaran BBC na ƙarfe 6 da na 10, da na ITV na ƙarfe 10, rabin awa ne, kowane labari a ba shi minti biyu ko uku a wuce. Su nan suna iya ɗaukar labari ɗaya su zauna a kansa minti goma ko fiye, a nuna rahoto daga wurin, a dawo sitidiyo a kawo minista a titsiye shi, a kawo wanda bai yarda da shi ba. Kuma sau da yawa labarin da suke buɗewa da shi ba na Landan ba ne sam, Sudan ne ko Gaza ko Yukiren, alhali sauran tashoshi suna can kan rigimar cikin jam'iyya. Wannan ba da ka yake faruwa ba, wani ne yake zama kullum ya yanke cewa yau da wannan za mu buɗe. Kamar gidan biki ne, kai masu ɗauko faranti kake gani suna kai da kawo da kwalliyarsu, amma wadda ke riƙe da ludayi a madafi ita ce ta san wa zai samu nama wa zai sha romo. Masu ɗauko farantin su ne su Krishnan Guru-Murthy da Matt Frei, mai ludayin shi ne edita, kuma a kansa nake so na daɗe don in baka san editocin ba ba za ka gane dalilin da ya sa shirin yake da wannan halin ba.

Tashar ta buɗe ne ranar 2 ga Nuwamba 1982, kuma tun daga ranar kamfanin ITN ne yake haɗa mata labarai, shi ne dai yake yi wa ITV da Channel 5 nasu, daga gini ɗaya a titin Gray's Inn da ke Landan. Farkon fitowar shirin bai karɓu ba ko kaɗan, mutane suka ce ya cika dogon Turanci, masu kallo suka gudu. Stewart Purvis ne ya karɓe shi a 1983 ya tashe shi, yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985 ya zo masa a daidai, a nan shirin ya yi suna. Bayansa an yi Richard Tait, an yi Sara Nathan, sai Jim Gray da ya riƙe daga 1998 har 2012. Duk waɗannan tarihi ne a wajena. Wanda hannunsa yake kan shirin da muke gani yau, a ganina, shi ne Ben de Pear, da ya yi edita daga 2012 zuwa farkon 2022.

Shi wannan bawan Allah ba ta ofis ya hau ba, ta fili ya biyo. Ya yi shekaru a Sky News, har da zama a Johannesburg yana haɗa musu labaran Afirka, a 2005 ya dawo Channel 4 News a matsayin furodusan labaran waje, daga nan ya zama shugaban sashen wajen gaba ɗaya. Furodusa kuwa shi ne mai wahalar, shi zai nemo biza da mota da tafinta, shi zai san ta wace hanya za a shiga gari ta wace za a fita in harbi ya tashi, a ƙarshe kuma fuskar wani ce za ta fito a allo. Yana sashen wajen ne aka yi maganar Sri Lanka, lokacin da yaƙinsu ya zo ƙarshe a 2009 gwamnatin ƙasar ta hana 'yan jarida shiga yankin Tamil, ta ma kori tawagar Channel 4 daga ƙasar, amma a watan Agustan shekarar suka samo bidiyon waya da ke nuna ana harbe mutane tsirara an ɗaure musu hannu da ido, suka saka. Gwamnatin Sri Lanka ta rantse ƙarya ce haɗawa aka yi, su kuma suka ƙi janyewa, masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya suka duba suka ce alamu sun nuna na gaske ne, a 2011 aka haɗa shi ya zama cikakken shiri da Jon Snow ya gabatar. Mutumin da ya fito daga irin wannan makarantar in ka ba shi kujerar edita ai ka san inda zai karkata.

Abin da ya fi kama ni a zamaninsa shi ne Halab, wato birnin Aleppo na Siriya. A 2016 babu wani ɗan jaridar Turai da zai iya shiga gabashin birnin, an kewaye shi ana ruwan bama-bamai. Sai suka ɗauki wata matashiya mazauniyar garin, Waad al-Kateab, wadda mijinta Hamza likita ne yana riƙe da asibiti a can, ita kuma tana ɗaukar abin da ke faruwa da kyamararta tana turo musu. Akwai wani rahotonta da wallahi in ka gani ba zai fita a ranka ba: an kawo mace mai tsohon ciki bam ya same ta, aka yi mata tiyata aka ciro jaririn ba ya motsi, launinsa ya koma toka-toka, likita ya riƙe shi ta ƙafa yana murza bayansa yana bubbuga shi, ana ta yi ana ta yi har kai mai kallo ka cire rai, can sai yaron ya buɗe ido ya tsala kuka. Wata tashar da daƙiƙa goma za ta nuna ta rufe da muryar mai rahoto, su suka bar shi ya tafi da tsawonsa. Wannan hukuncin edita ne, ya yarda cewa mai kallo zai iya jurewa, kuma ya yarda ya ba 'yar gari da ba ta da sunan kowa fili a labaran ƙasa. Hotunan nata ne daga baya aka tara suka zama fim ɗin For Sama a 2019, de Pear na cikin manyan furodusoshinsa, ya ci BAFTA, babbar kyautar fina-finan Birtaniya, ya kuma shiga takarar Oscar.

Sai labarin Cambridge Analytica, kamfanin da ke amfani da bayanan mutane wajen kamfen ɗin zaɓe, wanda mu 'yan Najeriya ya shafe mu kai tsaye ko da yawancinmu mun manta. A Maris 2018 ne maganar ta fashe cewa kamfanin ya kwashi bayanan masu Facebook, daga baya Facebook da kansa ya ce adadin zai iya kai wa miliyan 87. Jaridar Observer da 'yar jaridarta Carole Cadwalladr su suka daɗe suna tono, tsohon ma'aikacin kamfanin Christopher Wylie ya fito ya tona asiri, amma abin da ya kashe kamfanin a idon duniya bidiyon Channel 4 ne. Sun sa ɗan jaridarsu ya yi ɓad da kama a matsayin ɗan aiken wani attajirin Sri Lanka mai son a taya shi cin zaɓe, aka yi ta haɗuwa a otal-otal na Landan wata da watanni da kyamarar ɓoye, har shugaban kamfanin Alexander Nix ya saki baki yana bayanin yadda za a iya tura wa abokin hamayya 'yan mata ko a yi masa tayin cin hanci a ɗauke shi a bidiyo. Wani babban jami'insu kuma yana alfahari da aikin da suka yi wa Uhuru Kenyatta a zaɓen Kenya na 2013 da 2017. Nix ya ce shi biye wa baƙon kawai ya yi, amma washegari aka dakatar da shi, zuwa Mayu kamfanin ya rufe. A cikin tone-tonen lokacin ne jaridun Guardian da Observer suka ba da rahoton cewa mutanen nan sun sa hannu a zaɓenmu na 2015, wani mai kuɗi ya ɗauko su don a ɓata Buhari, har da wani bidiyo mai ban tsoro da aka haɗa don a firgita masu zaɓe da sunan shari'a. Ka duba irin kuɗin da lauyoyin da jiran da aiki irin wannan yake ci, wata huɗu ana kashe kuɗi babu tabbacin za a samu komai, edita mai tsoro tun a wata na farko zai ce a tattara a dawo.

Ba wannan binciken kaɗai ba ne. Wakilinsu na lokacin Michael Crick ya bi diddigin kuɗin kamfen ɗin jam'iyyar Conservative rasit bayan rasit, har hukumar zaɓe ta ci su tarar fam 70,000 a 2017. A 2020 kuma suka samo rumbun bayanan kamfen ɗin Trump na 2016 suka nuna an ware baƙaƙen fata miliyan 3.5 a rukunin waɗanda ake so a sanyaya musu gwiwa kar su fita zaɓe.

Wani abu da ya ƙara musu daraja a idona shi ne maganar Fatima Manji. Ita ce mace ta farko da ta karanta labarai a babbar tashar ƙasar nan da hijabi, a 2016. A watan Yulin shekarar da aka kai harin Nice a Faransa ya zamana tana cikin masu gabatarwa a ranar, dama jadawalinta ne tun kafin abin ya faru, sai Kelvin MacKenzie, tsohon editan jaridar Sun, ya rubuta a jaridar yana tambayar wai ya dace a sa mai hijabi ta karanta labarin harin da Musulmi ya kai. Tashar ba ta noƙe ba, ba su ce ta ɗan huta zuwa ƙura ta lafa ba, suka tsaya mata suka kai ƙara tare. Hukumar da ke sauraron ƙorafin jaridu ta yi watsi da ƙarar, wanda ni har yau ban ga adalci a ciki ba, amma ita ta ci gaba da fitowa da hijabinta. Duk 'yar uwar da ta taɓa shiga intabiyu a ƙasar nan tana tunanin ko mayafinta ne zai kayar da ita ta san me wannan yake nufi.

Toh yanzu ga inda na cire maki biyun.

Na farko gaggawa. Ranar 22 ga Maris 2017 da aka kai hari a gadar Westminster da ƙofar majalisa, suka fito a shirin bakwai suka ambaci sunan wanda suka ce shi ne maharin, Abu Izzadeen, aka yi ta sharhi a kansa. Ashe mutumin yana gidan yari a lokacin, tun shirin bai ƙare ba suka fara lashe amansu. Maharin gaskiya Khalid Masood ne. Hukumar Ofcom, wato irin NBC ɗinmu ta nan, ta ce babban kuskure ne, ta kuma lura cewa karo na huɗu kenan cikin shekara uku da aka same su da rashin tantance labari, ta tilasta musu karanta hukuncin a shirinsu. Wannan a ƙarƙashin de Pear ɗin da nake yabo ya faru. Zuciyar da ke sa mutum ya saka bidiyon Sri Lanka gwamnati na zaginsa ita ce dai take sa shi ya riga kowa faɗin suna da majiya ɗaya tak, kuma da yake sunan Musulmi ne a rana irin wannan, ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa ni in abu yana kan faruwa yanzu-yanzu ba su nake fara buɗewa ba, nasu na bari sai an kwana.

Na biyu shi ne abin da dattijon nan nawa yake faɗa, kuma yana da gaskiya rabi. Doka ta ce tashoshin nan kar su ɗauki ɓangare, su ma za su ce maka ba su ɗauka ba, amma ka kalle su na sati ɗaya za ka san inda zuciyarsu take. A zaɓen 2019 sun shirya muhawarar shugabannin jam'iyyu kan sauyin yanayi, Boris Johnson da Nigel Farage suka ƙi zuwa, sai kawai aka sassaƙa ƙanƙara aka ajiye a mazauninsu tana narkewa tana ɗiga ana muhawara. Minista Michael Gove ya taho da kansa ya ce shi zai wakilci jam'iyyar Boris ta Conservative, har da mahaifin Boris a tare, aka ce masa a'a na shugabanni ne. Conservative suka kai ƙara Ofcom, Ofcom ta ce ba a karya doka ba. Na yi dariya ba ƙarya, amma in ka cire dariyar wannan tsokana ce, ba aikin labarai ba ne, kuma ta ba masu cewa tashar ta 'yan adawa ce hujja a hannu. Haka Jon Snow, dattijon da ya gabatar da shirin daga 1989 zuwa Disambar 2021, mai laktaye da safa masu launi kamar bakan gizo, a 2019 ya kalli taron masu goyon bayan ficewa daga Tarayyar Turai ya ce bai taɓa ganin fararen fata da yawa haka a wuri ɗaya ba, mutum sama da 2,600 suka kai ƙorafi. Shi ma Krishnan a 2022 an dakatar da shi sati ɗaya saboda makirufo ya kama shi yana ɗura wa minista Steve Baker ashar bayan an gama hira. Mu da yawancin ra'ayinsu kan baƙin haure da Falasɗinu ya zo daidai da namu ba ma jin ciwon abin, daɗi ma yake mana, amma a kan wasu batutuwan na tarbiyya da addini za ka ji yadda suke kallon mai ra'ayin mazan jiya kamar wanda bai waye ba, ranar ne za ka gane me dattijon yake ji.

Sannan salon hirarsu, kai! Wani lokacin titsiyewar tana da amfani, ɗan siyasa na zille-zille a maimaita masa tambaya sau uku har ya rasa ta cewa. Wani lokacin kuma katsalandan ne kawai, mutum bai kai aya ba an tare shi. Hirar da mai gabatarwarsu Cathy Newman ta yi da Jordan Peterson, malamin jami'a ɗan Kanada, a Janairun 2018 ita ce kowa ke kawo misali da ita, tana ta sa masa magana a baki yana cewa ba haka na ce ba, miliyoyin mutane suka kalla a YouTube. Zagin da aka bi ta da shi bayan nan ya wuce hankali har sai da de Pear ya ce sun kira masana tsaro, wannan kam babu mai goyon baya, amma hirar kanta ba ta yi kyau ba.

Game da Afirka kuma kar ku sa rai da yawa. Sun fi takwarorinsu, wannan gaskiya ne, suna da Lindsey Hilsum wadda tana Kigali lokacin da kisan kiyashin Ruwanda ya fara a 1994 kuma har yau in ta yi bayanin rikici za ka san ta taka ƙasar da ƙafarta, suna da Jamal Osman ɗan asalin Somaliya da yake shiga inda Bature ba zai iya ba. Amma yankinmu sai an yi babban abu, sace 'yan matan Chibok a 2014, juyin mulkin Nijar a 2023, irin waɗannan, a yi kwana biyu a kai a wuce. Wanda yake son ya san abin da ake ciki a Zamfara ko Maraɗi ya riƙe sashen Hausa na rediyon da ya saba da shi, nan ba wurinsa ba ne. Masu son ƙwallo ma haka, wasanni a wajensu kamar an tilasta musu ne. Ga talla da ke katse shirin a tsakiya, kana cikin kallon asibitin da aka rusa sai ga tallar inshorar mota, dole ce tunda da ita suke biyan albashi amma tana dagula rai. Kuma bakwai ɗin nan a watannin kaka da bazara daidai take faɗawa kan magariba, ni dai sai dai na bi daga baya.

Tun 2022 Esme Wren ce edita. Ita ma ba baƙuwa ba ce, daga Sky News ta je BBC ta riƙe shirin labaran dare na Newsnight, a zamaninta ne Emily Maitlis ta yi hirar nan da Yarima Andrew a Nuwamban 2019 wadda ta raba shi da aikin sarauta. A nawa kallon ta ɗan rage tsokanar, shirin ya fi natsuwa, sun ƙara ƙarfi a YouTube da TikTok, kuma yanzu wani ɓangaren daga Leeds ake gabatar da shi ba komai Landan ba, wanda mu mazauna arewacin Ingila muna jin daɗinsa don ana ɗan tunawa da mu. Da BBC ta rage Newsnight zuwa rabin awa a 2024 ta cire masa rahotannin bincike, sai ya zamana kusan su kaɗai suka rage masu dogon labari irin wannan kullum a talabijin na kyauta.

Shi kuwa de Pear da ya sauka sai ya buɗe kamfaninsa na shirya fina-finan gaskiya, Basement Films, kuma halin nan bai bar shi ba. BBC ta ba su aikin fim kan likitocin Gaza da yadda ake kai wa asibitoci hari, aka gama, BBC ta yi ta jan ƙafa, a Yunin 2025 ta ce ba za ta saka ba wai kar a ga kamar ta ɗauki ɓangare. Ya fito fili ya caccaki shugabanninta, abin da masu neman kwangila a wajen BBC ba su cika yi ba, Channel 4 ta karɓa ta saka a farkon Yuli.

Ga mai koyon Turanci, gaskiya Turancinsu ya ɗan yi nauyi, ba kamar na CNN ba, musamman in editan siyasarsu Gary Gibbon ya fara sharhin siyasar majalisa da habaicinsa, ka kunna rubutun ƙasan allo zai taimaka. Na gida masu lissafin data ku sauke ingancin bidiyon zuwa 360, fuska ce da magana ba abin da za ku rasa, ku nemi dogayen rahotannin su Hilsum da na shirin Unreported World maimakon guntayen. Kuma don Allah in an ce rahoton yana da hotuna masu tayar da hankali ku yarda, ba wasa suke ba, a tashi yara daga wurin tukuna.